Tasoshin Malama Hajo

Idan hantsi ya ɗaga a lungun nan na bayan Ƙofar Mazugal, maƙwabtan Malama Hajo sun san abin da zai biyo bayan ƙarar tsintsiya. Za ta gama shara, ta watsa wa kaji tsaba, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinta, ta jawo wata tasar tagulla ta ɗora a tafin hannu, ta buga mata zobe sau ɗaya. Tinnn! Sai ta lumshe ido ta bi amon da murya, baki a rufe, tana lallaɓawa har muryarta da ta tasar su haɗu su zama abu guda. Sai an yi haka sannan ta karya kumallo. Jikokinta cewa suke yi Iya ba ta gaisawa da kowa sai ta gaisa da tasa, ita kuwa ba ta taɓa musa musu ba.

Ran Asabar da Lahadi, da ta idar da azahar, sai ta naɗe tasar a tsohon zane, ta cusa ƙarƙashin hijabi, ta kama hanyar Dandalin Turawa a ƙafa. 'Yan adaidaita sun gaji da danna mata hon. Ta ce tafiyar ce ke buɗe mata ƙirji. A can akwai wani tsohon gida mai soraye biyu, gidan su Hajiya Salma, jikar wani Balaraben fatake da ya zo Kano da raƙuma ya ƙi komawa. A tsakar gidan ne mata ke taruwa su yi bitar waƙen begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda kakan Salman ya tsara da Hausa. Mata zalla, babu bandiri, babu lasifika, sai murya. Sama da shekara arba'in ke nan ana rera shi duk watan Mauludi.

Tambayi duk macen da ta taɓa zama a taron nan, daga Wambai har Mazugal, za ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, muryar Hajiya Salma!" Gaskiyarta. Amma ka ce mata wace ce Malama Hajo, sai ta ce, "Ko tsohuwar nan da ke zama can baya kusa da randa?" Ita ce fa. Saboda ita aka ɗauki alƙalamin nan yau, domin bana ta ajiye aiki, kuma ba za a bari ta koma lungunta shiru kamar ba ta yi komai ba.

Bari dai a fara da yadda amshin gidan yake, don wanda bai taɓa ji ba. Hajiya Salma ce mai ja: ita ke fitar da baiti, sauran su amsa. To amma amshin ba irin wanda aka saba ba ne, inda kowa ke kwararo murya ta hanya ɗaya. Sahu huɗu ake yi, kowane sahu da hanyarsa. 'Yan mata masu siririyar murya a gaba, sai matasan mata, sai iyaye, sai tsofaffi masu kaurin murya a baya. Kowa nata daban take rerawa, amma idan suka haɗu sai ka ji abin ya tsaya cak kamar ɗaki mai tushe da bango da rufi. Kuma al'adar wurin ce, duk wadda shekaru suka sauke wa murya sai ta matsa sahun baya. Wace mace ke son a ce mata haka? Malama Hajo ce ke da wannan aiki mara daɗi, kuma ba ta taɓa ce wa kowa muryarta ta tsufa ba. Sai ta kama hannunta ta ce, "Ke, sahun nan namu ya yi rauni, zo ki agaza mana." Mace ta matsa baya tana jin an ƙara mata girma.

Gab da ƙarshen waƙen kuwa, inda mai baitin ya isa Madina ya tsaya yana sallama, akwai wurin da suke kira hawa. Dukkan sahu huɗun za su tashi daga matakin da suke su koma wani na sama, waƙen bai yanke ba, karinsa bai canza ba, sai dai ka ji an ɗaga ka gaba ɗaya. A nan mata ke fashewa da kuka. A nan ne kuma waƙe ke rushewa idan an yi sake, don mutum talatin ba sa tashi tare haka kawai.

Ina ta koyo wannan, 'yar malamin zaure, wadda ko rediyo ba a kunnawa a gidansu? A kwalejin horon malamai ta 'yan mata. Can ta haɗu da Malam Ɗantani, malamin darasin waƙa, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye, dogo, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Shi waƙoƙin coci ya tashi a kai, masu murya huɗu, kuma yana da ogan, wannan akwatin kiɗan da ake taka wa iska da ƙafa. Kalmomin cocin ba ya koya wa 'ya'yan Musulmi. Kari kawai yake ɗauka, su bi shi da "la la la". Ya saurari Hajo sau ɗaya ya tura ta sahun masu kauri, ta yi kwana da kwanaki tana kumbure-kumbure, don ita a gaba take son tsayawa.

Rera hanyarta ita kaɗai bai ba ta wuya ba. Sauya mataki ne ya kusa sa ta haɗa kayanta ta gudu gida. Dabarar Malam Ɗantani ita ce: idan za a tashi daga mataki zuwa wani, ba kowa ke motsi ba. Akwai murya guda da ta dace da matakin da za a bari, ta kuma dace da wanda za a shiga. Sahu ɗaya zai tsaya a kanta ƙyam, sauran ukun su tsallaka ta kansa, sannan shi ma ya bi. Hajo ya ɗora wa tsayawar. Ita kuwa da ta ji ƙawayenta sun ɗaga, sai maƙogwaronta ya bi su ba da saninta ba, abin ya wargaje, aji ya kwashe da dariya.

"Hajo! Wa ya aike ki sama?" in ji Malam Ɗantani, yana buga murfin ogan.

"Malam, ja na suke yi."

"To ki ƙi jawuwa mana! Idan kowa ya tashi, wa za a taka?"

Ta yi kuka ran nan har idonta ya kumbura. Da ya huce, sai ya kira ta gaban aji, ya sa ta ɗora tafin hannunta a ƙirji ta riƙe muryar. Ya ce, "Kin ji yana rawa? Kada ki saurari kowa. Wannan rawar za ki tsare, kada ta yi sauri, kada ta ragu." Da haka ta iya. Ba a rana ɗaya ba, ba a wata ɗaya ba, amma ta iya, har ta kai ana iya tsayawa a bakin kunnenta a rera wani abu daban, ita tana nan inda aka ajiye ta. Ranar da za su rabu ta tambaye shi yadda za ta yi a inda babu ogan. Ya ce a ƙauyensu ruwan galma suke bugawa su ɗauki murya, ƙarfe ba ya mantuwa. Sannan ya ƙara da maganar da har yau take maimaitawa: "Ni da littafina, ke da naki, amma maƙogwaro iri ɗaya Allah ya yi mana. Je ki yabi wanda kike yabo da kyau." Ya daɗe da barin duniya, ba ta kuwa taɓa ɓoye cewa shi ne malaminta ba.

Ta dawo birni, ta yi aure, ta kama koyarwa a firamare. Wata ƙawa ta kai ta Mauludin gidan su Salma, ta zauna ta ji murya mai kyau ana binne ta da amshi barkatai, ta kasa haƙuri. Da aka tashi ta tunkari Salma, wadda ta girme ta da kaɗan, ta ce, "Yaya, muryarki zinariya ce, amma masu amsa miki kamar ana rabon kayan sadaka." Da wata ce, da ta kore ta. Salma ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "To gyara mu gani." Aka yi surutu, ba a fasa ba. Wasu suka ce Hajo ta kwaso salon coci ta kawo gidan sharifai. Mahaifinta da kansa ya kira ta, ta durƙusa ta ce, "Baba, baitin namu ne, wanda ake yabo namu ne, ni jera muryoyin kawai na yi." Tsohon ya sa ta rera masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce ta tashi ta tafi Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauki 'yar tasar shan furarta, mai lotsawa a baki, ta mai da ita abin ɗaukar murya. Kullum za a fara, sai ta buge ta daga can baya, a cinyarta, ƙarƙashin mayafi, Salma ta ɗauki amon ta ja baiti.

Malama Hajo, ke ce kika yarda kika zauna inda ba a ganin ki, kusa da randa, inda yara ke tsallake ƙafarki su sha ruwa. Ke kika san muryar kowace mace a tsakar gidan nan, kika san wadda mura ta kama, da wadda ta kwana da ɓacin rai, tun kafin ta buɗe baki ta faɗa. An yi ta sa wa mai ja albarka, ana fesa mata turare, ke kina naɗe tabarmi.

Yanzu ga abin da ba a sani ba, wanda Hajiya Salma da bakinta ta ce a rubuta, har da cewa in an rage wani abu ba ta yafe ba.

Hajiya Salma mace ce mai alheri, mai kyauta, amma a kan muryarta ba ta da wasa. Ba ta haihu ba, kuma ta sha faɗa a gaban kowa cewa waƙen kakanta shi ne ɗanta. Shekarun baya mijinta ya rasu. Ta yi takaba, ta fito a rame, ta ƙi cin kirki, ta ƙi magana, sai da Hajo ta yi ta sintiri kafin ta yarda ta dawo bita. Ranar da ta dawo komai ya tafi daidai har aka zo hawa. Sahu huɗu suka tashi, Salma ta buɗe baki za ta ɗauka daga sama, muryar ta tsage. Ta miƙe ta shige ɗaki, Hajo ta bi ta, ta same ta zaune a bakin gado idonta a bushe.

"Hajo, ki shaida," in ji Salma. "Yau a gida ne. Ranar da abin nan ya faru a gaban jama'a, na rufe bakina ke nan har a kai ni kushewa."

"Haba Yaya, mura ce fa."

"Ni na gaya miki."

Hajo ta san ta. Ta san idan ta faɗa ta gama, ta kuma san cewa macen da ta rasa miji, ba ɗa ba jika, idan aka raba ta da waƙen nan to an raba ta da abin da ke tashin ta da safe. Ba mura ba ce, ita ma ta sani. Muryar ce ta sauka, kuma mai ja ba ta da sahun baya da za a ce ta zo ta agaza.

Washegari aka ga Hajo a Kasuwar Kurmi, layin masu tagulla. Malam Ɗalha, wanda ya gaji rumfar daga mahaifinsa, har yau dariya yake yi in ya tuna. Ya ce, "Mata suna zuwa su duba zane, su duba nauyi, su taya. Wannan baiwar Allah ko kallon tasa ba ta yi. Sai ta ɗauka ta buga zobe ta kara a kunne, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ta hargitsa mini rumfa kaf. Na ce, Malama, fura za ki sha a ciki ko hira za ku yi? Ta ce, mai ɗan kaurin murya nake nema, amma kaɗan, yadda ba za a lura ba. Wallahi na ɗauka aljanu ne." Ta samu wadda ta ɗara tsohuwar girma kaɗan. Ran Asabar ta buge ta a ƙarƙashin hijabi, aka fara waƙen ƙasa da inda aka saba, ba wadda ta ankara. Aka zo hawa, Salma ta haye sumul. Da aka tashi tana ta fara'a tana cewa, "Kun gani? Ashe da gaske mura ce."

Daga nan, duk 'yan shekaru, idan Hajo ta ji muryar ta fara ɗaurewa a sama, sai ta koma wurin Malam Ɗalha. Shi ma ya gane ta, da ya hango ta sai ya fara jero mata manya. Tasoshin suka yi ta taruwa a ƙarƙashin gadonta, kowace ta ɗara 'yar'uwarta. Hajiya Salma kuwa tana nan tana bugun ƙirji a gaban baƙi cewa inda take kaiwa tana amarya, nan take kaiwa yau. Hajo na can baya tana gyaɗa kai tana cewa, "Ƙwarai kuwa, Yaya."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɓullo da wata bita da ta gundure kowa, wai ita sauka. Kamar hawa ce, amma a juye: sahu na uku ya tsaya a muryarsa, sahun baya ya fara gangarawa, sauran su biyo. Zaituna, tela ce mai 'ya'ya biyar, ita ke jagorar sahu na uku, gaban Hajo daidai take zama. Ta ce, "Mun yi mita har mun gaji. Waƙen nan babu sauka a cikinsa, me za mu yi da ita? Sai ta ce mu dai mu iya. Ni kuma kullum ni ce mai tsayawa, kullum sai na bi su. Sai ta dafa bayana ta ce, wa ya aike ki? Idan kowa ya tashi, wa za a taka? Na kai shekara kafin na daina jawuwa." Zaitunar ce kaɗai ta san sirrin, don wata rana ta je gwada wa Malama ɗinki, allura ta faɗi, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga tasoshi a jere. Ta ƙirga su da ido, ta kalli Malama, Malama ta ɗora yatsa a baki. Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Sai kuma bara kunnen Hajo na hagu ya mutu, na dama ya fara bin sa. Idan an yi amshi yanzu, wani guuu take ji kamar injin markaɗe a gidan maƙwabta. Tasar ma sai ta kara ta a ƙashin kunne take jin ta. Ta ce ba za ta zauna tana lalata abin da ta gina ba. Mauludin bana ne na ƙarshe, ta miƙa wa Zaituna. Abu ɗaya take roƙon Allah: ta fita lafiya, Salma ta haye lafiya, sirri ya wuce hannun Zaituna ba wanda ya ji.

Ranar ta zo, bayan la'asar. Tsakar gida ta cika maƙil, mata har kan matakalar soro, ƙamshin turaren wuta da na alkaki ya gauraye. Aka jera sahu. Hajo ta zauna kusa da randarta, tana kwance ƙullin babbar tasarta a ƙarƙashin hijabi, sai Gwaggo 'Yardada, dattijuwar sahun baya, mai son a yi abu da tsari, ta miƙe ta ɗaga hannu. Ashe ta aika gidan Hajo a ɓoye, surukar gidan ta zaro mata 'yar tasar nan ta farko mai lotsawa a baki, an goge ta da toka da lemon tsami tana ƙyalli. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Jama'a, yau Malama za ta ajiye. Ita ba ta son a yi mata komai, to mun yi. Wannan tasar da ita aka fara a gidan nan, na shaida ta, da ita za a rufe. Malama, fito da hannunki yau kowa ya ga ana bugawa."

Aka ɗauki kabbara, wasu har da guɗa. Aka miƙo tasar hannu zuwa hannu har ta iso cinyar Hajo. Zaituna ta ce ta waiwayo ta ga fuskar Malama ta yi fari fat. Me za ta ce? Ta ce a'a, akwai wata babba a ƙarƙashin hijabi? Sai an tambayi dalili, dalilin kuwa yana zaune a gaba cikin farin lifaya yana murmushi. Ƙauna ce ta kawo tasar nan, ba mugunta ba, amma tagulla ba ta san kara ba. Hajo ta ce bismillahi a ranta, ta buga. Tinnn! Siririn amo, na shekarun amarci. Hajiya Salma ta ɗauke shi ta ja baiti.

Baitocin farko sun tafi, don ba su da tsawo, amma Zaituna na jin yadda muryar ke ɗaurewa, jijiyar wuyan Hajiya ta fito. A nan ma da ƙyar ake, ina ga an hau? Baiti na bin baiti, mai waƙe ya bar gida, ya keta sahara, ya hango Madina. Saura amshi ɗaya a zo hawa. Hajo ba ta jin komai sai guuu, bakin mata kawai take kallo tana gane inda aka kai. Ta tuna bakin gadon nan da busassun idanun nan.

Sai ta miƙa hannu ta dafa tsakiyar bayan Zaituna, ta danna.

Zaituna ta gane. Ta tsaya a muryarta, sahunta ya tsaya da ita. Hajo ba ta ji muryar da kunne ba, a tafin hannunta ta ji ta, tana rawa ta cikin haƙarƙarin Zaituna, ba ta sauri, ba ta raguwa. Ta ɗora ɗaya hannun a ƙirjinta, ta auna, ta gangara. Tsofaffin sahun baya suka ji Malama ta yi ƙasa maimakon sama, shekarun bitar nan da suka yi ta mita a kai suka ja su, suka bi ta. Sahu na biyu ya biyo, 'yan matan gaba suka biyo, sannan Zaituna ta saki ta sauko. Amshin ya ƙare can ƙasa, a shimfiɗe, kamar an sauke kaya daga ka. Jama'a suka ɗauka sabon salo ne aka tanada don ranar, wata tsohuwa har tana cewa, "Allahu Akbar, ladabin shiga Madina ke nan."

Hajiya Salma ta ɗauki baitin daga inda amshi ya ajiye mata. Ta ja shi a natse. Aka zo hawa, sahu na uku ya sake tsayawa, sauran suka tsallaka, Salma ta buɗe baki ta yi sallama ga Manzo da murya cikakkiya, ko gezau. Tsakar gida ta rushe da kuka. Hajo ba ta ji hawan ba. Kafaɗun mata ta ga suna rawa, ta ga Gwaggo 'Yardada na share ido da bakin mayafi, sannan ta sauke hannunta daga bayan Zaituna. Rigar Zaitunar ta jiƙe sharkaf a daidai wurin.

Aka shafa addu'a. Mata suka taso za su yi wa mai ja barka kamar kullum, sai Hajiya Salma ta ɗaga musu hannu. Ta miƙe da ƙyar, ta naɗe dardumarta da kanta, ta ratsa sahun 'yan mata, ta ratsa na biyu, ta ratsa na uku, ta zo ta shimfiɗa a sahun baya kusa da randa, ta ɓangaren kunnen Hajo mai ɗan ji. Ta sa hannu ƙarƙashin hijabin Hajo ta zaro babbar tasar, ta ajiye ta kusa da ƙaramar, kowa na kallo. Ta kai baki kunnenta, amma da ƙarfi ta yi maganar, don dole.

"Ke Hajo, kin ɗauka makauniya ce ni? Tasa ta tashi daga ta shan fura ta kusa zama ta wankan jariri, kina tafe tana yi miki tudu a hijabi kamar mai ciki!"

Aka yi dariya cikin hawaye. Hajo ta rufe fuska ta ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun ta biyu. Na yi shiru ne don na ga kina so in yi shiru, ni ma kuma ina so. Amma yau na ji abin da kika yi, da kunnen da ba ki da shi. Ya isa haka. Jamila ta ja daga yau, na daɗe ina jin yarinyar nan a sahu na biyu." Ta gyara zama, ta kama hannun Hajo. "Shekara nawa kina kiran mata su zo su agaza wa sahun baya, ni ba ki taɓa kira na ba. To ga ni na zo da kaina. Kuma ba inda za ki. Zaituna ta riƙe tasa, ke ki zauna nan, ni zan riƙa rera miki a kunne."

Malama Hajo, mai riƙon ƙasa, sannu da aiki. Ke ce kika tsaya aka taka aka hau. Kin koyi abu a hannun wanda ba addininku ɗaya ba, kika riƙe amanarsa, kika yi wa Manzo hidima da shi. Kin tsare mutuncin 'yar'uwarki shekara da shekaru ba ki nemi ko sannu ba, har kika yarda a yi miki kallon mai aljanu a tsakiyar Kurmi. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa waƙen da kika daina ji a nan ki ji shi a inda ya fi.

Mu kuma da muka rage, kowa a cikinmu yana da wani babba a kusa da shi wanda ƙarfinsa ya fara sauka, uwa ko uba, malami ko maigidan sana'a, yana ta ƙoƙarin kai inda yake kaiwa da. Ba sai mun gaya masa ya gaza ba. A sauko masa da abin kaɗan, yadda zai kai da mutuncinsa, a kuma koyi tsayawa idan kowa na rububin hawa.

Ran Asabar ɗin da ta wuce an yi bita. Zaituna ta buga tasa, Jamila ta ja. Can baya kusa da randa tsofaffi biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta kai baki kunnen ɗaya. Da aka zo hawa, Hajiya Salma, wadda ba ta taɓa zaman sahu ba a rayuwarta, ta manta ta bi 'yan mata sama. Malama Hajo ba ta ji ba, amma hannunta na kan bayanta. Ta ɗan danna ta ce, "Yaya, wa ya aike ki?"